Tsamiyar da Ke Cikin Makabarta

Aikin farko da aka sa ni a wannan sana'a ta zaren tsamiya, zaren da tsutsar bishiyar tsamiya ke saƙawa, shi ne farke gidajen tsutsa. Inna Tabawa, mahaifiyar mijina, ta juye su a tsohuwar tabarma a bayan ɗaki, ta ba ni guntuwar wuƙa, ta ce in tsaga kowanne in kakkaɓe dattin ciki kafin a dafa. Ta ajiye mini man gyaɗa a kasko ta ce in shafa har gwiwar hannu. Ni kuwa amarya ce mai ji da kanta, na ga busasshen abu ne kamar tsohon buzu, me zai yi mini? Ban shafa ba. Kafin azahar hannuwana sun yi luhu-luhu, ina susa ina hawaye, don gashin da tsutsar ke bari a jikin gidan ya fi ƙaiƙayin gero sharri. Inna ta zo ta duba, ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce yanzu tsamiya ta gaishe ni, saura in koyi amsawa.

Abin da ya tayar da wannan zance shi ne ku 'yan matan gidan nan masu keken ɗinki, musamman Rukayya. Rannan ta kawo mini littafin makarantarsu ta nuna mini hoto: ga ƙwai, ga tsutsa, ga ta ta naɗe, ga ta ta fito da fiffike, an ja kibiya daga wannan zuwa wancan har ta zagayo inda ta faro. Ta ce ashe sana'ar tamu ta 'yan hutu ce, tsutsa ke yin zare mu kuwa mu kwashe. Hoton gaskiya ne, ban ga ƙarya a ciki ba. Sai dai a takarda kibiyar ba ta yankewa, ni kuwa a kan idona ta yanke, shi ya sa nake so ku ji.

Idan ruwan farko ya sauka, sai uwayen su fito. Mu uwa muke ce mata. 'Yar'uwar malam-buɗe-littafi ce, amma ta fi shi kauri, fara-fara da zanen ruwan ƙasa a fiffike, kuma ba ta da yawon banza irin nasa. Ba ta ci, ba ta sha, kwanakinta kaɗan ne. Ta sami namiji, ta zuba ƙwai a bayan ganyen bishiyar tsamiya, ta lulluɓe su da gashin jikinta, ta faɗo ƙasa tururuwa su ja ta. Ƙwan ya fashe da tsutsotsi ƙanana kamar tsinin allura. Su ci ganye, su tuɓe fata, su ƙara girma, su sake tuɓewa. Ba sa rabuwa da juna. Inda ta gaba ta sa kai nan sauran za su bi a jere, hancin wannan a bayan waccan, kowace tana barin siririn zare a inda ta taka. Idan gero ya fara nuna sai su daina ci, su taru a inda reshe ya rabu biyu, su saƙa gida ɗaya babba kamar gorar ruwa. A cikinsa kuma kowace ta saƙa ɗan ɗakinta ta rufe ƙofa.

Na sha farke irin wannan ɗaki don son sani. Abin da ke ciki ba kai, ba ƙafa, ba gashi, ja-ja kamar ƙwallon dabino, amma idan kin taɓa sai ya motsa gindi. Na tambayi Inna ina ƙafafun suka tafi, daga ina kuma fiffike zai fito. Ta ce ita ma tun tana yarinya take leƙe, ba ta taɓa kama su suna sauya kaya ba. Haka za su zauna duk tsawon rani, ba ci ba sha, suna jiran ƙamshin ruwa.

Dafuwa kuwa wuni guda ce. Akwai tukunyar da ba a girki da ita, a tace ruwan toka mai kaifi a zuba, a danne gidajen da dutse, a yi ta tura kara daga hantsi har la'asar. Wuta ta yi yawa zaren ya ruɓe, ta yi kaɗan danƙon ya ƙi saki. A tsame, a wanke, a sake wankewa, a shanya a inuwa, sannan a zauna a yi ta tsefewa da yatsa har ya yi laushi. Daga nan sai mazari. Kada ku ɗauka kaɗin auduga ne. Auduga tana bin hannu, tsamiya kuwa gardama gare ta, tana da tsawo tana da santsi, sai kin dangwali alli a yatsa kin lallaɓa ta. Na yi damina biyu Inna tana warware abin da na kaɗa tana cewa wannan igiyar ɗaure akuya ce. Ranar da ta ja zarena tsakanin haƙoranta ta ajiye shi cikin nata, ban iya cin tuwo ba don murna.

Masu sayenmu maɗinka ne, masu yi wa babbar riga aiki da hannu. Wasu a kasuwar Tsanyawa ake kai musu, wasu har ƙofar gida suke aiko dillaliya daga birni. Akwai wani tsoho da ba ya yarda da ido, sai ya lasa zaren ya ga ko an cuɗa da auduga. Wani kuma kullum kuka yake zaren ya yi duhu, kullum kuma shi ke riga kowa zuwa. Abin da suke so a wurinmu shi ne launin, ruwan ƙasa mai haske kamar madarar da aka ɗiga wa shayi, ba rini ba komai, kuma riga ta tsufa ta yage aikin yana nan. Da wannan zare Inna ta aurar da 'ya'yanta mata, da shi na sayi tunkiyata ta fari.

Amma babban abin da ta koya mini ba kaɗi ba ne, ajiyar iri ne. Da rani ake ciro gidaje, tun suna da rai a ciki, don idan aka bari ruwa ya dake su sai su yi baƙi. To idan kowa ya dafa duk abin da ya ciro, wa zai yi ƙwai baɗi? Shi ya sa Inna take ware mafi nauyi, ta girgiza a kunne ta ji, ta rataye su a ƙarƙashin rumbu inda iska ke ratsawa. Ba a rufe su. Wata maƙwabciyarmu ta taɓa toshe nata a tulu don tsoron ɓera, da ta buɗe ta tarar fumfuna ta cinye su, kowace ta sandare ta yi fari kamar alli. Ranar da maza suka fita shuka kuwa, ranar Inna ke ɗaukar nata irin ta kai gona, a ɗaure mata shi a reshen tsamiya. Takan ce na maza ya shiga ƙasa, nata ya hau sama, Allah ya raya duka.

Sai shekarun fari suka zo. Ba rana ɗaya suka zo ba. Bana a sami rabin rumbu, baɗi a sami abin da bai kai haka ba. Mijina ya tafi cin rani kudu, damina ta zo bai dawo ba, don babu abin dawowa. Zaman kulle ya ƙare da kansa, manya da yara muna bin gonaki muna tsintar tafasa da duk ganyen da zai shiga tukunya. Itatuwa suka fara tafiya. Wasu a sare a sayar wa masu motar itace daga birni, wasu a yi musu ƙwal don dabbobi su ci ganye. Tsamiyoyin da na tarar jere a gonakin garinmu suka yi ta raguwa har ya zama a gonar gidanmu saura guda. Inna ta dafa gidajen da za ta dafa, aka sayar da zaren aka sayi hatsi, amma 'yan gidajen irin nan ta hana. Har wani baƙo ya zo neman su ta ce ba na sayarwa ba ne.

A shekarar da ta fi muni, ruwa ya sauka sau ɗaya kamar da bakin ƙwarya. Kowa ya fita da sungumi, mu ma muka kai iri aka ɗaure. Bayan 'yan kwanaki muka je da sassafe muka tarar da uwaye a jikin bishiya suna shanya fiffike. Inna ta zauna a gindin ta yi ta hamdala. Suka yi ƙwai, ƙwai ya fashe, tsutsa ta kama ci. Daga nan sama ta kulle. Geron da ya tsiro ya kai tsawon yatsa ya ƙone a tsaye. Ciyawa ba ta fito ba, gawo kuwa da ma ya zubar da ganyensa kamar yadda ya saba da damina, dabbobi suka rasa abin sa wa a baki.

Mai gidan namu a lokacin shi ne Yaya Garba, wan mijina, ɗan farin Inna. Ku yaran yanzu ba ku san kunyar ɗan fari ba. Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kallon idonsa, ba ta yi masa magana kai tsaye a gaban mutane. In za ta ambace shi sai ta ce “mutumin nan”. Matarsa ta haihu a wannan tsakani, yunwa ta ƙafar mata da nono, jaririyar sai nonon wata jar akuya guda da ta rage a gidan. Akuyar kuma ta fara tsotsewa. Yaya Garba ya riga ya sassare rassan ƙasa na tsamiyar ya kawo mata, saura na sama inda tsutsarmu take. Wata safiya muka ji yana wasa barandami a dutse.

Inna ta daɗe tana jin ƙarar wasin nan, mazari a hannunta ba ya juyawa. Can ta ce mini, “Je ki ce wa mutumin nan akwai masu rai a sama.”

Ni ma fa matar ƙani ce, tsakanina da shi gaisuwa ce daga nesa. Na je na durƙusa a bakin zaure, na sunkuyar da kai na faɗi saƙon kamar yadda aka ba ni. Ya dakata da wasin. Ya ce, “Ki ce wa Inna na sani. Akwai mai rai a ɗaki ma.”

Na kawo mata amsa. Ta ce gaskiya ya faɗa. Ta tashi ta ɗauko kwando, muka bi bayansa, don ganyen da zai sare mu ne masu kwasa. Ban taɓa yin aikin da ya yi mini ciwo kamar wannan ba, kuma ban ga laifin kowa ba, abin da ya ƙara mini ciwon ke nan. Reshe ya faɗo mu kakkaɓe tsutsar mu tsige ganyen. Su kuwa sai su lallaɓa su koma jikin bishiyar su hau, su je ƙarshen dungu su tarar ba komai, su yi ta ɗaga kai suna lalube a iska.

Washegari da hantsi muka koma muka tarar sun sauko. Sun yi layi ɗaya a kan rairayi, sun nufi gabas inda babu ko kara a tsaye. Ƙasa ta fara zafi. Ta gaba ta nannaɗe ta mutu, ta bayanta ta kewaye ta ta karɓi jagora, ita ma ba ta san inda za ta ba. Inna ta durƙusa ta fara kwasarsu da hannu tana zubawa a ƙwarya, ba man gyaɗa ba komai, na taya ta. Muka ba su ganyen darbejiya suka ƙi, muka ba su na kuka suka ƙi. Abin da uwarsu ta ɗora su a kai shi kaɗai suka sani. Muka rufe ƙwaryar da faifai muka shiga zagaya gonakin maƙwabta, har na ƙauyen da ke gaba da mu. Duk tsamiyar da muka hango, in muka matsa sai mu ga an riga an aske ta.

Guda ɗaya ce ta rage da ganyenta shar, kowa ya san ta, ita ce ta tsakiyar makabartar garinmu. Ba wanda ya sa mata ƙarfe ko a wannan shekara, don ba mai hawa bishiya a kan iyayensa. Muka je muka tsaya a bakin shingen aguwa. Mace ba ta shiga makabarta a garinmu, ko tsohuwa ce, ko ɗanta ake binnewa. Ga bishiya muna gani, jifa ɗaya zai kai, ga ƙwarya a kan Inna ana jin motsinsu yana raguwa. Rana ta take, ba kowa a hanya. Na ce ko in ruga in nemo wani, ta ce wa zai bar neman abin da zai ci ya zo ɗaukar tsutsa? Ba mu tafi ba kuma, muka yi ta tsayuwa kamar masu jiran a yi mana izini.

Muna nan sai ga Yaya Garba ya ɓullo daga hanyar gona da ragowar ganye a ka. Ya gan mu, ya ga ƙwarya, ya dubi bishiyar. Na ɗauka zai wuce. Sai ya sauke kayansa ya matso ya miƙo hannu biyu. Inna ba ta ba shi ba, ni ta sauke wa, ni na miƙa masa. Ya tuɓe takalmi, ya yi wa mutanen ciki sallama, ya bi tsakanin kaburbura a hankali har gindin tsamiyar. Muna hango shi ya durƙusa ya jingina bakin ƙwaryar da jikin bishiya. Ya daɗe a haka, waɗanda suka kasa yana ɗaga su da yatsa yana ɗorawa. Da ya fito hannuwansa sun kumbura kamar nawa na ranar farko.

Ni ya kalla ya ce, “Sun hau.”

Inna tana duban ƙasa ta ce, “Allah ya yi maka albarka.”

Tun da na zo gidan ban taɓa jin ta ce masa “maka” ba sai ranar, ban kuma sake ji ba. Ya ɗauki ganyensa ya wuce gaba, muka biyo shi a baya.

Da maganar ta kai kunnen liman, ya ce ba laifi, halittun Allah ne, su ma suna tasbihinsu. Amma ya ce ba za a hau kan kaburbura a ciro kayan kasuwa ba. Inna ta ce da ma ba ta nufi haka ba. Fatanta shi ne su rayu a can, in Allah ya kawo sauƙi tsamiyoyin gona suka sake tofo, uwayen su tashi su dawo mana da kansu. Akuya ta rayu, jaririya ta rayu. Ita ce Lami, mahaifiyarki ke Rukayya, don haka in kin sake cewa sana'ar 'yan hutu ce, ki tuna da ganyen wa aka yi nonon da uwarki ta sha.

Sauƙi ya zo, amma bai tarar da bishiyoyin ba. Shekarar da ta biyo ma ba ta yi kyau ba, dungayen da suka fara tofo aka bi su aka sare har ƙasa. Da aka tashi dashe sai aka dasa darbejiya, mai saurin girma, wadda ko kallonta tsutsarmu ba ta yi. Mun ɗan ci gaba da kaɗa gidajen da fatake ke kawowa daga kudu, su ma suka yi ta tsada har suka ɗauke. Zaren kanti mai ƙyalli ya cika kasuwa, tsofaffin maɗinka suka bi juna. Tsohon nan mai lasar zare shi ne na ƙarshe da ya aiko, na ce a gaya masa babu. Tukunyar dafuwa ta zama ta jiƙa wa kaji dusa. Mazarina yana nan a cikin adaka, wani lokaci nakan ɗauko in murza shi haka nan ba komai a jiki, don yatsuna suna kewa, ni ma ina kewa.

Inna ba ta daɗe ba bayan farin ta rasu. Ranar da maza suka dawo daga kai ta, na ajiye kunya na tari Yaya Garba a zaure na tambaye shi ko ya duba sama. Ya ce ya duba, akwai gidaje manya-manya, har da sababbi, kuma a inuwar tsamiyar suka sa ta. Tun daga ranar ya zama duk wanda aka kai, in Yaya Garba ya dawo sai ya aiko a ce mini suna nan. Haka muka yi shekaru har shi ma aka kai shi. Yanzu in na tambayi masu dawowa sai su dube ni kamar na fara ruɗewa. Wani ya ce wa ke kallon sama a makabarta, wani ya ce ya ga wani abu a rataye amma bai san ko sabo ne ko tsoho ba. Ba laifinsu ba ne, ba wanda ya taɓa nuna musu.

Na dasa tsamiya a bayan gidan nan, kun san ta, wadda nake hana ku ɗaure igiyar shanya a jikinta. Ta yi girma har tana 'ya'ya. Duk damina ina juya ganyenta ina dubawa, ba a zo ba tukuna. Idan ruwan farko ya sauka kuma, nakan dogara sanda da safe in je bakin shingen makabartar nan in tsaya inda muka tsaya da Inna. Idona ya yi rauni. Nakan hango fari-fari a jikin bishiyar, ban sani ba ko uwaye ne suke shanya fiffike ko leda ce iska ta maƙala.

Na riga na gaya wa ɗana inda nake so a sa ni. Shiga dai zan shiga, a kafaɗar maza, har gindinta. Abin da ke damuna kawai shi ne a ranar nan fuskata a rufe take.